Yadda shafi na 1 ya zama maƙwabcin shafi na 16: tarihin jera shafuka a maɗaba'a

Duk wanda ya taɓa sayen littafi, ya yi nisa da karatu, sannan ya tarar shafi na 33 ya biyo bayan na 16, ya ci karo da sakamakon wani aiki da ba a cika ambatonsa ba. Marubuci ya gama nasa, edita ya gama nasa, injin ma ya buga haruffa tsaf, amma an yi tuntuɓe a wurin jera shafuka ko wurin harhaɗa su. Wannan aiki ya kai shekara ɗari biyar da ɗoriya a maɗaba'u, kuma shi ya yanke girman littattafai da adadin shafukansu, wani lokaci har da kalmomin da suka tsira a cikinsu.

Tushen al'amarin shi ne, ba a buga littafi shafi ɗai-ɗai. Ana buga shafuka da yawa a kan babban falle guda, gaba da baya, sannan a ninke shi, a yanke gefensa. Idan aka ɗauki takarda aka ninka ta sau biyu, aka rubuta lamba 1 zuwa 8 a shafukan ba tare da an yanke ba, sannan aka warware ta, za a ga 1 da 8 suna gefe da gefe, 4 da 5 kuwa suna samansu amma a juye, kai a ƙasa. A bayan takardar akwai 2, 7, 3 da 6. Ninki uku yana ba da shafi 16, kuma a nan shafi na 1 ke zama kusa da na 16, na 4 kusa da na 13, na 8 kusa da na 9. Kowane shafi biyu da suka haɗa ƙashin baya jimillar lambarsu 17 ce, wato adadin shafukan da ƙarin ɗaya. Da wannan ɗan lissafi ma'aikatan ɗab'i suka daɗe suna gane ko jerensu ya yi daidai.

Daga Mainz zuwa Venis

Littafin Baibul da Johannes Gutenberg ya kammala bugawa a birnin Mainz na Jamus wajajen 1455 ya haura shafi 1,280, kuma tsarinsa mafi sauƙi ne: ninki ɗaya, shafi biyu a kowace fuskar falle. Wannan shi ake kira foliyo. Sai dai galibi ana cusa fallaye biyar cikin juna su zama ƙunshi guda mai shafi 20, don haka fuskar fallen da ke ɗauke da shafin farko ita ke ɗauke da na ashirin. Tun daga ranar farko ke nan, mai bugu ya zama dole ya riƙa tunanin littafi ta wata hanya dabam da ta mai karatu.

Da sana'ar ta bazu a Turai, sai aka fara ƙara ninki domin littafi ya ƙanƙance. Ninki biyu ya ba da kwato, mai shafi 8, ninki uku ya ba da oktabo, mai shafi 16. A 1501 Aldus Manutius na birnin Venis ya fitar da waƙoƙin Virgil a tsarin oktabo, da sabbin haruffa masu karkata waɗanda Francesco Griffo ya sassaƙa masa. An riga an yi ƙananan littattafan addu'a kafin shi, amma shi ya ɗauko manyan littattafan adabi daga kan teburin ɗakin karatu ya mayar da su abin riƙewa a hannu da tafiya da su. Ƙarin ninki ɗaya ne ya sa hakan ya yiwu.

Yawan ninki ya zo da yawan ruɗani, musamman ga mai ɗinke littafi, wanda sau da yawa ba ya jin Latin ko Girkancin da ke gabansa. Aka samar masa da alamomi biyu. Ta farko harafi ne da lamba a ƙasan shafi, kamar A1, A2, B1, masu nuna wane ƙunshi ne da kuma inda warƙar take a cikinsa. Ana danganta fara buga irin wannan alama tare da rubutu ga Johann Koelhoff na birnin Kolon a 1472. Ta biyu ita ce kalmar jagora: a ƙasan shafi a sa kalmar farko ta shafin da ke biye. Wannan dabara ta girmi injin bugu, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alƙur'anin hannu da malamai ke rubutawa a warƙoƙin da ba a ɗinke ba, a adana cikin tadarishi da gafaka, yana ɗauke da irin wannan kalma a ƙasan warƙa, domin idan warƙoƙin suka watse a iya mayar da kowace mazauninta.

Dutse, firam da weji

Kayan aikin jera shafuka a zamanin haruffan dalma ba su da yawa. Akwai faffaɗan dutse mai santsi, galibi marmara, wanda ake aza shafukan a kai bayan an harhaɗa haruffansu an ɗaure kowane shafi da zare. Akwai firam na ƙarfe da ake kewaye su da shi. Akwai sandunan katako da ake cike gibin da ke tsakanin shafuka da su, waɗanda faɗinsu ne ke zama farin gefen littafi. Sai ƙananan weji na katako da ake bugawa da guduma har komai ya matse, ta yadda za a iya ɗaga firam ɗin, mai ɗauke da dubban haruffa, ba tare da ko ɗaya ya zube ba. Joseph Moxon na Landan ya bayyana waɗannan kaya da tsare-tsaren jeren a littafinsa na koyar da sana'ar ɗab'i da ya fara fitowa a 1683, wanda shi ne irinsa na farko a Turanci.

Wahalar aikin ita ce komai a juye yake. Haruffan kansu a juye suke kamar rubutun hatimi, rabin shafukan kai a ƙasa, sannan abin da ke dama a kan dutse hagu zai fito a kan takarda. Littafin da ake buɗewa daga dama, kamar na Larabci ko na ajami, yana buƙatar a juya tsarin gaba ɗaya. Masu sana'ar suka kuma ƙirƙiro dabarun rage aiki. Ɗaya daga ciki ita ce a zuba shafukan gaba da na baya a firam guda, a buga, a kifa takardar a sake bugawa da firam ɗin nan dai, sannan a raba fallen biyu, a sami kwafi biyu a lokaci guda.

Abin da jeren ya yi wa Shakespeare

Babu inda aka fi ganin tasirin wannan aiki a kan rubutu kamar a kundin wasannin William Shakespeare 36 da aka buga a maɗaba'ar William Jaggard da ɗansa Isaac a Landan a 1623. Kowane ƙunshi na kundin fallaye uku ne, shafi 12. Haruffan dalma suna da tsada, kuma maɗaba'ar ba ta da isassun da za ta jera shafi bayan shafi har a kai na 7 kafin a fara bugu. Saboda haka ma'aikatan sukan fara daga tsakiya, da shafi na 6 da na 7, su buga, su wargaza haruffan, su koma na 5 da na 8, a haka har su kai na 1 da na 12.

Kafin a fara da shafi na 6, dole wani ya duba rubutun hannu ya kimanta inda kowanne daga shafuka biyar na farko zai ƙare. Kimantawa kuwa ba ta rasa kuskure. Idan aka zo ƙarshe wuri ya gaza, sai mai jera haruffa ya matse baitoci ya mayar da su zube, ya gajarta kalmomi. Idan wuri ya yi yawa, sai ya datse zube ya jera shi kamar waƙa, ya bar farin wuri. Charlton Hinman, wanda ya kwatanta kwafe-kwafen kundin da ke ɗakin karatu na Folger a Washington da wata na'urar madubai da ya ƙera, shi ya fayyace wannan tsari a binciken da ya wallafa a 1963. Kusan rabin wasannin nan ba a taɓa buga su kafin 1623 ba, cikinsu har da Macbeth, don haka siffar da duniya ta gada ta wasu layukansu ta biyo ta hannun ma'aikacin da ke neman wurin da zai cusa su.

Tururi, fim da wuƙa

Ƙarni na 19 ya faɗaɗa falle. Injin yin takarda ya maye gurbin yi da hannu, kuma a ranar 29 ga Nuwamba 1814 jaridar The Times ta Landan ta fito daga injin tururi na Friedrich Koenig, mai buga kimanin falle 1,100 a awa guda. Daga baya shafi 32, har 64, suka riƙa hawa falle ɗaya. Injunan ninke takarda suka shigo a tsakiyar ƙarnin, suka kawo sabon sharaɗi: kowane inji yana da yadda yake ninki, don haka mai jera shafuka sai ya san injin da zai ninke aikin kafin ya aza shafin farko. A lokacin kuma ana sayar da littattafai da yawa ba a yanke bakin ninkinsu ba, mai karatu ne zai bi da 'yar wuƙar takarda yana tsagawa.

Da bugun ofset ya mamaye kasuwa bayan tsakiyar ƙarni na 20, dutse ya ba da wuri ga tebur mai gilashi da fitila a ƙasa. Shafi ya zama hoton fim. Ma'aikaci yakan shimfiɗa babbar takarda mai launin ruwan goro wadda ba ta barin hasken da ke ƙona faranti ya ratsa, ya liƙa fim ɗin kowane shafi a mazauninsa da tef, ya yanke tagogi da wuƙa mai kaifi, sannan a haska hoton a kan farantin alminiyom. A aiki mai launi huɗu, fim huɗu ne za su hau kan juna ba tare da kaucewar ko silin gashi ba. Sana'a ce da ake shekaru ana koyo, masu ita kuma suna cikin ma'aikatan da aka fi darajantawa a maɗaba'a.

Abin da kwamfuta ta ɗauke da abin da ta bari

A 1984 kamfanin Adobe ya fitar da PostScript, harshen da ke bayyana wa inji siffar shafi. A 1985 manhajar PageMaker ta fito daga kamfanin Aldus, wanda aka raɗa wa sunan mai maɗaba'ar Venis ɗin nan. PDF ya biyo baya a 1993. A cikin shekarun 1990 manhajoji irin su Preps suka fara jera shafuka a kan allo, sannan injunan da ke zana hoto kai tsaye daga kwamfuta zuwa faranti suka kawar da fim. Cikin ɗan lokaci teburin fitila ya zama tarihi a manyan maɗaba'u, kuma masu wuƙa da tef suka koma kwamfuta ko suka bar sana'ar.

Manhajar ba ta soke dokokin takarda ba, lissafinsu kawai take yi. Har yanzu sai an bar gefen da injin zai cafki falle. Har yanzu takarda tana da kauri: a littafin da aka ɗinke da waya a tsakiya, fallayen ciki suna turowa waje, injin yanka ya fi cin gefensu, don haka sai an riƙa matso da rubutun shafukan tsakiya ciki kaɗan-kaɗan. Har yanzu adadin shafuka sai ya rabu da huɗu, kuma ya fi araha idan ya rabu da 16. Wannan ne ya sa littattafan hotuna na yara suka fi yawa a shafi 32, ya sa jarida ke ƙaruwa da shafi huɗu ko takwas, ya kuma sa ake ganin fararen shafuka ko tallace-tallace a ƙarshen littafi.

Ga marubucin da ke biyan kuɗin bugu daga aljihunsa, kamar yadda da yawa daga marubutan littattafan Hausa ke yi, wannan lissafi kuɗi ne. Littafi mai shafi 96 ƙunshi shida ne cif na shafi 16. Idan ya zama 98, an shiga ƙunshi na bakwai: ƙarin faranti, ƙarin takarda, ƙarin ninki, duk saboda shafi biyu. Marubucin da ya tambayi mai maɗaba'a shafi nawa fallensa ke ɗauka, ya kuma nemi a ninke masa takarda fara a rubuta lambobin shafuka ya duba kafin a ƙona faranti, yana yin abin da ma'aikatan ɗab'i suka daɗe suna yi tun zamanin da ake jere a kan dutse.