Daga Taƙi zuwa Milimita: Tarihin Zanen Ƙira a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Sarkin Hausa gari ne na manoma a gundumar Mayahi, cikin jihar Maradi, yamma da Tasawa. Ƙasarsa jigawa ce, abincinsa gero, kuma babu gonar da ake nomawa ba da ƙarfe ba. Saboda haka tarihin noman wannan yanki a haɗe yake da tarihin maƙeransa. An yi rubutu a kan yadda maƙera ke narka tama da matsayinsu a cikin al'umma, amma ba a cika tambayar inda siffar hauya take zama kafin a ƙera ta ba. Amsar ta sauya sau biyu cikin ƙarni guda: da farko tana cikin kan maƙeri, daga baya ta koma takarda, yau kuma tana cikin kwamfuta.

Zamanin ido da hannu

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya tarar da gari mai kasuwa a kan hanyar ayari daga Abzin zuwa Katsina da Kano. A wancan zamani ƙira gado ce. Akwai maƙeran baƙi, masu sungumi da gatari da lauje da mashi, akwai maƙeran fari, masu azurfa da tagulla, kuma a bisansu akwai Sarkin Maƙera. Yaro yana farawa da zuga, ya daɗe a kan zugazugi yana kallon launin wuta, sannan a ba shi awartaki, sai a ƙarshe ya riƙi masaba a gaban uwar maƙera.

Ma'auninsu a jiki yake: yatsa, taƙi, kamu, gaba. Idan manomi ya zo da tsohuwar hauyarsa da ta cinye, ita ce samfuri. Idan babu, maƙeri ya shata siffar da tsinke a ƙasa, su daidaita, sannan ya share da tafin hannu. Zanen kan mutu nan take, domin amfaninsa ya ƙare. Wannan hanya tana da alfanu babba: maƙeri ya san mai gona, ya san tsawonsa, ya san ko ƙasarsa rairayi ce ko fadamar Gulbin Kaba, sai ya ƙera masa daidai shi. Rauninta kuwa shi ne, ranar da dattijo ya rasu ba tare da magaji ba, siffofinsa sun bi shi.

Zuwan takarda

A Turai an daɗe da raba mai tsara abu da mai ƙera shi. Bafaranshe Gaspard Monge, a littafinsa na 1799, ya tsara ƙa'idar nuna abu mai kauri a kan takarda shimfiɗaɗɗiya ta fuskoki daban-daban: daga gaba, daga sama, daga gefe. Da wannan ƙa'ida, da kuma ma'aunin mita, mutum a wani gari zai zana ƙarfe, wani a wani garin ya ƙera shi ba tare da sun taɓa ganin juna ba.

Sojojin Faransa sun ratsa ƙasar Tasawa a 1899, cikin ayarin Voulet da Chanoine wanda ya bar kufai a bayansa, kuma mulkin da ya biyo baya ya zo da mita da awon gine-gine. Amma abin da ya fara girgiza maƙera shi ne ƙarfen waje. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ƙarfen masana'anta da tarkacen motoci suka yi ta malalowa arewa. Wanda ya samu sifirin ɗin mota a kasuwa ba ya buƙatar haƙar tama da ƙona gawayi na kwanaki. Narka tama ya yi ta ja da baya, har ya zamanto a shekarun 1960, lokacin da mai bincike Nicole Echard ta ɗauki aikin a fim a ƙasar Adar, sana'ar tana gab da shuɗewa.

Takarda ta shigo da ƙarfinta ne bayan farin shekarun 1970, sa'ad da hukuma da ayyukan raya karkara suka dage kan noman shanu. Ma'aikatu irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram sun riƙa ƙera garmar shanu da amalanke masu yawa iri ɗaya. A nan taƙi ba ya aiki, domin dole ramin kusa ya dace da kusar da aka yi a wani gari. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maradi ta yaye matasa masu karanta zane, kuma da zuwan lantarki da janareto, masu walda suka buɗe rumfuna a bakin hanya suna yin ƙofofi da tagogi da gadaje. Tun daga nan sana'ar ta rabu biyu: mai gado da bai san takarda ba, da ɗan makaranta da bai taɓa zuga ba.

Masu zanen wancan lokaci suna da wata dabara. Sukan zana kowane sashe a kan takarda shara-shara dabam: firam a ɗaya, farantin ƙarfe a ɗaya, wuraren walda a ɗaya, ma'aunai a ɗaya. Idan an jera su bisa juna, ƙofar ta fito cikakkiya. Idan an zare ɗaya, mai yanka ya ga nasa aikin kaɗai.

Zane a cikin na'ura

A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna manhajar Sketchpad, wadda ake zane da ita kai tsaye a fuskar kwamfuta. A watan Disambar 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, mai aiki a kan ƙaramar kwamfutar ofis. Manhajar ta gaji dabarar takardun nan, ta mai da su shimfiɗu, wato hawa-hawan zane da ake kunnawa ko kashewa yadda ake so. Har yanzu sunan shimfiɗa a Faransanci shi ne sunan tsohuwar takardar. Bayan kafa jami'ar Maradi a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, da yaɗuwar cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, irin wannan zane ya daina zama abin Yamai kaɗai.

Sai dai manhajar da aka yi domin ofis mai sanyi ta iske wani yanayi a nan. Kwamfutoci da yawa na hannu ne, ma'ajiyar aikinsu ƙarama. Ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki, zafin bazara ya sa na'urar ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Wutar yankin kuwa ta dogara ƙwarai ga layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma an ga sakamakon haka a watan Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke wutar har tsawon watanni. Ga tsada: tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisi na dindindin, sai haya, abin da ya ƙara wa manhajojin kyauta irin su FreeCAD da LibreCAD daraja.

Duk da haka, yawancin nauyin da ake ɗora wa na'ura daga zanen yake fitowa. Wanda ya kwafo ƙofa daga tsohon aiki yakan kwaso shimfiɗu da alamomin da ba ya buƙata. Layi yakan hau kan layi sau biyu ko uku, ido ba ya gani, amma na'ura tana lissafa kowanne. Adon furanni mai lanƙwasa da yawa da cikon zane mai ƙanƙanta suna cin ƙarfinta. Maganin sananne ne: umarnin PURGE yana zubar da abin da ba a amfani da shi, OVERKILL yana share layukan da suka maimaitu, AUDIT yana gyara ɓarnar da yankewar wuta ta bari a fayil. Shimfiɗar da ba a aiki a kanta, daskarar da ita ya fi kashe ta, domin daskararriya ba ta shiga lissafi. Kuskure a nan kuɗi ne: injin yanka yana bin layi yadda ya same shi, idan biyu ne ya bi sau biyu, ya ɓata farantin da aka sayo da tsada. Tsohon maƙeri da ke rataye kowane awartaki a wurinsa kafin ya hura wuta ba zai yi mamakin wannan darasi ba.

Abin da ya rage a zana

Manhajojin nan suna zuwa da dubban siffofi na kusoshi da bututu da ginshiƙan ƙarfe na masana'antun duniya. Babu sungumi a cikinsu, babu hauyar tsaye, babu linzami ko likkafa irin ta Tazarawa. Waɗannan suna nan inda suke tun zamanin Barth, a kan dattawa, kuma dattawan suna ƙarewa.

Aikin bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyin al'adu ba. Ɗalibi mai mita da littafi zai iya zama a maƙera, ya auna faɗin baki da kaurin ƙarfe da karkatar ƙota, ya rubuta sunan kowane sashe da Hausa, tare da sunan garin da dalilin da ya sa aka yi shi haka. Idan aka shigar da shi kwamfuta, sai a ware shimfiɗa guda domin bayanin maƙerin, a gefen ta ma'aunai. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai an adana ta. Fayil ɗin hauya ɗaya bai kai nauyin hoton waya ba, kuma tsohuwar kwamfutar makaranta ma za ta buɗe shi.