Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Falsafar Tao da Kimiyyar Kwantam

Tun daga shekarar 1975, lokacin da Fritjof Capra, masanin fiziks haifaffen Ostiriya, ya wallafa littafinsa The Tao of Physics, wata da'awa ta yaɗu a tsakanin ma'abota karatu, cewa abin da malaman kimiyya suka tarar a cikin ƙwayar zarra bayan doguwar wahala, shi ne ainihin abin da masu hikima na ƙasar Sin suka riska ta hanyar tafakkuri shekaru fiye da 2,000 da suka shuɗe. Da'awar ba daga iska aka ɗauko ta ba, domin Niels Bohr kansa, jigo a kimiyyar kwantam, wanda ya ziyarci Sin a 1937, sa'ad da Sarkin Denmak ya ba shi lambar girma ta Giwa a 1947, tambarin yin da yang ya zaɓa ya zama alamarsa.

Dalilinsa a fili yake. Ilektiron yakan bayyana kamar ƙwaya a wani gwajin, a wani kuma kamar igiyar ruwa, alhali siffofin biyu ba su cika tare a gwaji ɗaya, kuma ba a wadatuwa da ɗaya a bar ɗaya. Littafin da ake jingina wa Laozi kuwa, mai babi 81, yana koyar da cewa kishiyoyi juna suke haifarwa, kuma haƙiƙar Tao ta fi ƙarfin lafazi. Kamanni kam akwai shi, ba mai musu.

To, amma malaman usulu sun sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai asali da reshe sun haɗu a illa ɗaya, kuma a nan ne nake ganin da'awar ta yi rauni. Laozi da Zhuangzi, jiga-jigan falsafar Tao, magana suke yi da mutumin da yaƙe-yaƙen dauloli suka gajiyar, suna kiran sarki da talaka zuwa ga wu wei, wato barin tilasta wa al'amura abin da ba ɗabi'arsu ba. Maƙasudinsu gyaran hali ne da siyasa. Kimiyyar kwantam kuwa ba ta da wani hukunci a kan hali, ƙarfinta duka yana ga lissafin da ake iya ƙaryatawa, har ta kai lissafin maganaɗisun ilektiron ya dace da abin da aka auna zuwa lambobi goma ko fiye. Babu wanda ya taɓa istinbaɗin lamba ɗaya daga cikinsu ta hanyar karanta Laozi.

Inda shubuhar ta fi tsanani shi ne batun hankalin ɗan Adam. Gaskiya ne John von Neumann a 1932 ya buɗe ƙofar wannan zance, Eugene Wigner kuma a 1961 ya tafi a kan cewa sanin mai kallo shi ke yanke wa ƙwaya hali guda daga cikin halayen da take iya ɗauka. Sai dai masu kafa hujja da Wigner ba kasafai suke faɗin cewa ya janye daga baya ba, bayan aikin Dieter Zeh na 1970 ya nuna cewa cuɗanyar ƙwaya da abin da ke kewaye da ita, ko da ɗigon haske ne ko ƙwayar iska, ta isa ta rushe siffar igiyar, ko da mutum a ɗakin ko babu. Mas'alar awo, wato yadda ƙwaya ke tsayawa a kan hali guda idan an auna ta, har yau ana saɓani a kanta, amma saɓanin malamai bai zama dalili ga wanda ya ce tunaninsa ke halitta duniya ba.

Abin da ya fi damuna, ni da nake girmama wannan falsafa, shi ne zaluncin da ake yi mata da sunan yabo. Capra ya jingina babban sashe na hujjarsa ga nazariyyar Geoffrey Chew, wadda ke cewa babu wata ƙwaya da ta zama asali ga sauran, ga shi kuwa tun a shekarun 1970 nazariyyar kwak, mai cewa akwai ƙwayoyi na asali, ta rinjaye ta, masana suka juya mata baya. Shin sai mu ce Laozi ya faɗi tare da Chew? Hukuncina shi ne, a karanta Laozi don hikimar zama da mutane, a koyi kwantam da lissafinsa a wurin malamansa, wanda kuma ya ce ɗayan ya gaskata ɗayan, a nemi ya kawo illar da ta haɗa su kafin a karɓa.