Jeren Kakanninmu: Daga Ƙwarya Zuwa Langa

A wannan makon za mu leƙa ɗakin amarya na da.

A Amurka da Turai akwai masu farautar tsofaffin teburan falo na tsakiyar ƙarni na 20, irin wanda Isamu Noguchi ya zana, kamfanin Herman Miller ya fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1940. Suna sayensu da tsada, su san sunan maƙerin da shekarar. Mu a ƙasar Karaye da Rogo, adon ɗakin wancan zamani jere ne.

Asalin jerenmu ƙwarya ce da ƙoƙo da faifai da akushi, sai tasar tagulla a gidan wadata. Wanda ke son hoton wannan rayuwa ya nemi littafin Baba of Karo. Baba ta yi zama a Zarewa, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, ta ba Mary Smith labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954.

Me ya sauya jeren? Kuɗin gyaɗa da auduga. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kayan Turai suka cika kantuna da Kasuwar Kurmi, fatake suka kai su ƙauyuka. Kwanon fenti mai furanni ya riƙa zuwa daga Turai da Hong Kong, kafin a kafa masana'antunsa a Legas da Kano wajen lokacin samun 'yancin kai. Langa da kumbo da fanteka suka ture ƙwarya daga bango, gadon ƙarfe mai rumfa ya gaji gadon kara, akwatin ƙarfe ya gaji adudu. Daga baya samira da tangaran da kabad mai gilashi suka shigo.

Jere ya wuce ado. Uwa kan fara tarawa tun 'yarta tana talla. Kayan mallakar matar ne: in talauci ya matsa ta sayar da langa, in aure ya mutu ta kwashe abinta, in 'yarta ta isa aure ta ciro mata daga ciki. Shi ne bankinta.

Yau 'yan gwangwan ne ke saye su a ma'auni. Mu kuma mukan rubuta labarin amaryar ƙauye ta 1960, mu zaunar da ita kan kujerun kushin. Mai karatun da ya san zamanin nan take zai daina yarda da mu.

Aikin makon nan: kowa ya samu tsohuwa a danginsu, ya tambaye ta me aka jera mata, wa ya saya, a wace kasuwa, ina kayan suke yanzu. A rubuta sunan kowane kwano yadda ta faɗe shi, a kawo mana nan.

Allah Ya ƙara basira.