HOTONKI NA WANE NE?

A da, a garuruwanmu irin su Ƙaraye da Rogo, hoto sai ranar sallah ko biki. Mai hoto ya ɗauka, ya tafi Kano ya wanko, a jera a album. Amma fa fim ɗin yana hannunsa. Sau nawa budurwa ta tarar da fuskarta manne a allon shagon mai hoto, samari na tsaye suna yaba kwalliya?

Wannan rigima ta girme mu. A Amurka, wani kamfanin fulawa ya buga hoton wata yarinya mai suna Abigail Roberson a takardun talla har 25,000, ba a ko tambaye ta ba. Kunya ta kwantar da ita ciwo, ta kai ƙara. A 1902 babbar kotun Jihar Niyok ta ce babu dokar da aka taka. Allah sarki! Jama'a suka yi caa, har a 1903 jihar ta haramta amfani da hoton mutum wajen talla sai da izininsa a rubuce.

Mu nan sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, gidansa, wasiƙunsa da wayarsa, amma bai ambaci hoto da suna ba. Mun ga abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da bidiyon sirrin wata 'yar fim ya bazu waya zuwa waya. Aka dakatar da shirya fim, ita kuma ta ɓuya, yayin da 'yan kasuwa ke buga sitikar fuskarta ana liƙawa a motocin haya. Ita aka zaga. Masu yaɗawa kuwa, wa ya tuhume su? Ni dai har yau abin yana ci mini rai.

Sai a 2023 aka ɗan motsa. Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, Tinubu kuma a dokar kare bayanan mutum. Ta farkon ce ta fi shafar amare: idan ke kika biya aka ɗauke ki hoton gida ko na biki, kina da ikon hana mai hoton ya baje shi ko ya watsa, sai in kun yi wata yarjejeniya daban. Don haka 'yar uwa, ki faɗa masa tun kafin ya ɗora shi a Facebook.