Asalin Binciken da Ke Neman Dalili Daga Bakin Mai Shi

A ƙarshen shekarar 1941, Paul Lazarsfeld na Jami'ar Kolambiya da ke Amurka ya ja abokin aikinsa Robert Merton zuwa wani ɗakin rediyo inda ake gwajin wani shiri. An zaunar da masu sauraro, kowa da maɓalli biyu: abin da ya yi masa daɗi ya danna kore, wanda ya ɓata masa rai ya danna ja, na'ura kuma tana zana sakamakon a takarda. Na'urar ta san daƙiƙar da aka danna ja, amma dalilin dannawar sai an tambayi mai yatsa. Da Merton ya ga mai yin tambayar yana sa wa mutane magana a baki, sai ya karɓi aikin, ya bar kowa ya fayyace da kansa. Nan ne tushen tattaunawa da ƙaramin rukuni. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi amfani da ita wajen jin yadda sojojin Amurka suka ɗauki finafinan da ake nuna musu, a 1946 kuma Merton da Patricia Kendall suka rubuta ƙa'idojinta.

Bayan yaƙi 'yan kasuwa suka yi caraf da ita. Ernest Dichter, mutumin Biyana da ya zo Amurka a 1938, ya yi suna wajen zaunar da masu saye yana tono abin da ke kai hannunsu ga wani sabulu ya tsallake wani. Masana zamantakewa kuma suka bi ɗalibai da irin wannan kunne. Howard Becker da abokan aikinsa sun cuɗanya da ɗaliban likitanci na Jami'ar Kansas a aji da asibiti, littafinsu na 1961 ya nuna cewa da karatu ya yi wa ɗaliban yawa, sai suka koma laluben abin da malamai za su tambaya a jarrabawa. Takardar sakamako ba ta ɗauke da wannan labari.

Masu suka suna cewa bakin mutum takwas ko goma ba bakin jama'a ba ne, kuma mutum ɗaya mai baki kan ja sauran. Gaskiyarsu, shi ma Merton ya ɗauki hanyar a matsayin abokiyar ƙidaya, wadda ake gwada abin da ta tono da alƙaluma. Amma a dubi Coca-Cola a 1985, lokacin da kamfanin ya sauya haɗin abin shansa. Gwajin ɗanɗano da mutum kusan 200,000 ya goyi bayan sabon haɗi, alhali a zaman tattaunawa wasu tsiraru sun fusata da jin za a taɓa tsohon, suna kuma jan na kusa da su. Kamfanin ya bi alƙaluma, fushin ya bazu a faɗin ƙasar, bayan kwana 79 aka dawo da tsohon. Jan ra'ayin nan da ake kira aibin hanyar shi ne ya faru a kasuwa, domin mai saye, kamar ɗalibi, cikin mutane yake yanke shawara.