Masu Gogar Gilashi da Tarihin Hangen Sararin Samaniya

Littattafan ilimin taurari sukan cika da sunayen masana, amma iyakar abin da kowane masani ya iya hangowa a zamaninsa ta rataya ne a wuyan wata sana'a da ba a cika ambatonta ba, wato gogar gilashi. Mai wannan sana'a yakan ɗauki guntun gilashi ya riƙa murza shi a cikin ƙoƙon ƙarfe tare da jiƙaƙƙen yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har fuskarsa ta yi tudu ko ta yi kwarmi daidai yadda ake so, sannan ya goge shi ya yi garau. Abin da ke fitowa shi ne ƙwayar gilashi, wadda amfaninta ya samo asali daga ɗabi'ar haske ta karkata a duk lokacin da ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, kuma wannan karkata ce ke sa sandar da aka tsoma a ruwa ta bayyana kamar ta karye.

Malaman ƙasashen Musulmi sun yi nisa a wannan fage tun da wuri. Wajen shekarar 984 Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karkatar haske a Bagadaza, daga baya kuma Ibn Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alkahira wajen 1040, ya nuna a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Duk da haka tabarau ya fito ne daga hannun masu sana'a a arewacin Italiya wajen 1286, a yankin da aikin gilashi ya bunƙasa, musamman a Venis, wadda ta mayar da tandunanta tsibirin Murano a 1291. An shafe fiye da shekara 300 ana sa tabarau kafin Johannes Kepler ya bayyana, a 1604, yadda yake gyara gani.

Haka lamarin ya kasance da na'urar hangen nesa. A watan Oktoban 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi takardar mallakar fasaha a kan bututu mai ƙwaya biyu da ke kusanto da abin da ke nesa kamar sau uku, amma aka hana shi saboda wasu ma sun ce sun san dabarar. Da labari ya kai wa Galileo a 1609, sai ya zauna ya koyi gugar da kansa, har ya kai ga na'ura mai kusantowa sau 20, wadda da ita ya ga watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari a Janairun 1610. Ɗaya daga cikin waɗannan watanni, Io, shi ne Ole Rømer ya bibiyi lokutan ɓuyarsa a Paris, ya lura yana jinkirin bayyana idan duniyarmu ta yi nisa da Mushtari, ya kuma yanke a 1676 cewa haske ma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso.

Matsalar da ta fi wahalar da masu sana'ar ita ce ta launi. Farin haske haɗin launuka ne, waɗanda ake gani a bakan gizo, kuma gilashi yakan karkatar da shuɗi fiye da ja, saboda haka ƙwaya ɗaya ba ta iya tara su a wuri guda, sai tauraro ya fito da gezar launuka a gefensa. Maganin farko shi ne rage tudun ƙwayar, abin da ya tilasta tsawaita bututu, har Johannes Hevelius ya gina na'ura mai tsawon kusan mita 46 a Danzig, wadda iska kaɗan ke girgiza ta. Isaac Newton, wanda shi ne ya fayyace asalin launukan, ya ɗauka babu ƙwayar da za ta tsira daga wannan aibi, don haka ya koma ga madubi mai kwarmi ya ƙera tasa na'urar a 1668. A nan babban masanin ya yi kuskure, kuma girman sunansa ya sa mutane da yawa suka daina neman mafita. Wajen 1733 wani lauya a Ingila, Chester Moor Hall, ya gano cewa idan aka haɗa ƙwaya mai tudu ta gilashin yau da kullum da ƙwaya mai kwarmi ta gilashin da aka zuba wa dalma, ɗaya za ta soke yawancin launin ɗayar. Kamar yadda aka ruwaito, domin ya ɓoye sirrin sai ya raba aikin ga shaguna biyu, amma dukansu suka miƙa shi ga mai guga ɗaya, George Bass, wanda ya haɗa ƙwayoyin biyu ya fahimci abin da ake nufi. John Dollond ne ya samu takardar mallaka a 1758, kotu kuma ta tabbatar wa iyalinsa ita bisa hujjar cewa shi ya fito da fasahar ga jama'a. Hukuncin yana da ma'ana, ko da yake ya bar Hall da Bass a bayan fage.

Wanda ya ɗaga darajar sana'ar zuwa matsayin ilimi shi ne Joseph Fraunhofer, maraya ɗan ƙasar Jamus da ya fara a matsayin yaron shagon gilashi a Munich. Yana neman hanyar auna karkatar kowane launi daidai ne, domin ya inganta gilashinsa, sai ya ci karo da ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin hasken rana da aka warware zuwa launuka, a 1814. Ya rasu a 1826 yana da shekara 39, kafin Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen su nuna, wajen 1859, cewa layukan shaida ce ta sinadaran da ke jikin rana, kuma ta wannan hanya ce har yau ake sanin abin da taurari suka ƙunsa.

Ƙwayar gilashi ta kai maƙurarta a 1897 a cibiyar Yerkes ta Amurka, da faɗin santimita 102, domin wadda ta wuce haka takan lanƙwashe saboda nauyinta, tunda a gefe kawai ake iya riƙe ta, alhali madubi ana tallafe shi ta baya gaba ɗaya. Daga nan manyan na'urori suka koma ga madubi, amma buƙatar ƙwarewar masu guga sai ƙaruwa ta yi. Na'urar Hubble, wadda aka harba sararin samaniya a Afrilun 1990 da madubi mai faɗin mita 2.4, ta fara aiko da hotuna dishi-dishi saboda an zarce wajen goge gefen madubin da kimanin kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin mutum. Bincike ya nuna cewa ma'aunin da aka dogara da shi lokacin gugar ne aka harhaɗa ba daidai ba, inda wata ƙwaya a cikinsa ta goce da milimita 1.3, kuma sai a Disambar 1993 'yan sama jannatin kumbon Endeavour suka je suka ɗora wa na'urar kayan da ke gyara hasken kafin ya isa kyamarorinta.