Hijira ko Zama: Ma'aunin Hukuncin Shugaba a Sakkwato, 1903

1.0 Gabatarwa

Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Turawan Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland ta karya rundunar Sakkwato a filin Giginya. Cikin 'yan kwanaki, manyan shugabannin daular biyu suka raba hanya. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas da niyyar hijira. Wazirinsa, Muhammadu Buhari, ya koma birni ya yi sulhu da Turawa. Dukansu jikokin gidajen jihadi ne, kuma littattafai iri ɗaya suka karanta. Duk da haka suka saɓa a kan abin da ya wajaba ga shugaba idan ƙasa ta kuɓuce daga hannunsa.

Wannan maƙala za ta dubi hukunce-hukuncen nan biyu ta fuskar ra'o'in ilimin ɗa'a. Manufarta ita ce ta nuna cewa kowane ɗaya daga cikinsu yana da tushe ingantacce, kuma abin da ke tabbatar da ingancin hukuncin shugaba shi ne sharuɗɗan da ya gindaya masa, da kuma wanda ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

2.0 Ra'o'in Ɗa'a Biyu

Masana falsafar Turai sun daɗe suna jayayya a kan ma'aunin aiki nagari. Immanuel Kant na Jamus, a littafinsa na 1785, ya tafi a kan cewa aiki yana inganta ne idan an yi shi don sauke wajibi, ko da sakamakonsa bai yi daɗi ba. Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila kuwa suna auna aiki ne da amfani ko cutar da ya jawo wa jama'a. A laccar da ya gabatar a 1919, Max Weber ya kawo wannan jayayya fagen siyasa, inda ya bambanta shugaba mai bin aƙidarsa ya bar sakamako ga Allah, da shugaba mai ɗaukar alhakin abin da hukuncinsa zai haifar.

Malaman Sakkwato ba su buƙaci waɗannan littattafai ba, domin fiƙihun Malikiyya yana da nasa ma'aunai. A gefe ɗaya akwai nassi, wato umarni bayyananne da ba a kauce masa. A ɗaya gefen akwai maslaha da larura. Malaman usulu, irin su Shaɗibi na Andalus, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta gwargwadon buƙata. A tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ne aka yi muhawarar 1903.

3.0 Halin da Daula Take Ciki

Tun daga 1 ga Janairu, 1900, da Ingila ta yi shelar mulkin Arewacin Nijeriya, Gwamna Lugga ya riƙa cin masarautu ɗaya bayan ɗaya. Bida da Kwantagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauci a 1902, Kano kuma ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, saboda haka Attahiru bai cika wata shida a kan gado ba yaƙi ya iso ƙofarsa.

Shawara a Sakkwato ta kasu uku: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Waziri Buhari cewa bai ga wata dabara da ta fi barin ƙasar ba. Shi ma Attahiru ra'ayinsa ya karkata ga hijira, amma ba a kammala shiri ba Turawa suka iso. Dawaki da masu da takubba ba su iya tsayawa gaban bindigogi masu ruwan harsashi ba, aka watse cikin ɗan lokaci.

4.0 Hujjar Sarkin Musulmi

Hujjar Attahiru ta samo asali ne daga tushen daular kanta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, kuma a 1806 ya wallafa Bayan Wujub al-Hijra, inda ya tabbatar da wajabcin ƙaura daga ƙasar da ikonta yake hannun wanda ba Musulmi ba. Ga jikan Shehu, zama ƙarƙashin Nasara daidai yake da warware dalilin da ya sa aka yi masa mubaya'a. Idan ya karɓi rawani daga hannun Lugga, sunan Amirul Muminina ya zama riga babu mai ita.

Jama'a da dama sun fahimci haka. Yayin da ya ratsa ta Gusau zuwa ƙasashen Kano da Misau, dubban mutane, manoma da malamai da masu sarauta, suka bar gidajensu suka bi shi. Wannan tururuwa ta tsorata Turawa fiye da yaƙin Giginya, domin ƙasar da babu mutane ba ta da haraji. Suka bi sawunsa har Burmi a ƙasar Gombe. An kori harinsu na farko a watan Mayu, amma ranar 27 ga Yuli, 1903, suka ci garin. Attahiru ya faɗi tare da mutane fiye da 600, su ma Turawa suka rasa kwamandansu, Manjo Marsh. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a gaɓar Shuɗin Nilu.

Ƙarfin wannan matsayi shi ne shugaban bai ɗora wa kowa abin da bai ɗora wa kansa ba. Rauninsa kuwa shi ne hijira ta masu iyawa ce. Tsofaffi da marasa lafiya da marasa guzuri, waɗanda su ma amanarsu tana wuyan shugaba, hukuncin bai tanadar musu komai ba.

5.0 Hujjar Waziri

Daga kan waɗannan mutane hujjar Waziri ta fara. Ya bayyana ta da kansa a cikin Risalat al-Wazir ila Ahl al-Ilm wa al-Tadabbur, wadda R. A. Adeleye ya yi nazarinta a 1968. Bayan an watse, Waziri da jama'a mai yawa sun tattaru a Marnona. Ya nemi shawarar malaman da ke tare da shi, suka duba suka ga hanyoyin hijira babu isasshen ruwa da abinci, kuma Turawa sun tare su. Suka kafa hujja da rangwamen da shari'a ta yi na sassauta wa mai rinjaye da harshe idan ana tsoron cutarsa, matuƙar zuciya ba ta bi ba, kuma matuƙar bai hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. A kan haka Waziri ya koma Sakkwato. Ranar 21 ga Maris Lugga ya naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba, ya kuma yi alkawarin ba zai tsoma baki cikin addini ba.

Abin lura shi ne zuciyar Waziri ba ta kwanta ba. Ya ji tsoron kada abin da ya yi ya taɓa imaninsa, ya sake tuntuɓar malamai. Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, ya kwantar masa da hankali da misalan tarihi, kamar ɗauke Hajarul Aswad da Ƙaramiɗa suka yi da kuma rushe Bagadaza a hannun Tatar, musibun da suka zo suka wuce. Ya kuma nuna cewa idan malamai da shugabanni suka fice gaba ɗaya, addinin ne zai gushe daga ƙasar.

Abubuwa uku suka raba wannan hukunci da neman tsira da kujera. Na farko, an yanke shi da shawarar masana. Na biyu, an gindaya masa sharaɗi. Na uku, mai hukuncin ya rubuta dalilansa ya miƙa su ga masu ilimi su duba, bai ɓoye shakkarsa ba.

6.0 Inda Larura ta Wuce Iyaka

Haɗarin hujjar maslaha shi ne ba ta da birki a cikin kanta. A jawabin da ya yi wajen naɗin, Lugga ya faɗa ƙarara cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon haraji da na ƙasa, sun koma hannun Ingila. Ashe sulhun da aka yi da harshe ya haɗa da hannu, tunda da sarakuna za a tara harajin, da su kuma za a tsawatar wa talakawa.

Ba a cika shekara uku ba wannan ya bayyana. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, galibinsu talakawa da bayin da suka gudu, suka yi tawaye da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Fadar Sakkwato ta tsaya tare da Turawa. Ranar 10 ga Maris aka rushe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000, kuma mahayan Sakkwato suna cikin rundunar. Ana iya cewa masu sarauta ba su yarda da da'awar Mahadin ba, suna kuma tsoron ramuwar Turawa a kan birni. Amma hujjar da aka kafa a Marnona don kare rayukan raunana ba za ta iya ɗaukar nauyin abin da aka yi a Satiru ba. Rangwamen da aka karɓa don wucin gadi ya zama tsarin mulki, kuma waɗanda aka ce don su aka zauna su ne suka biya.

7.0 Kammalawa

Al'umma ta fi tuna Attahiru, domin mutuwa a fagen fama ta fi sauƙin yabo. Amma makarantun allo da na ilimi da kotunan alƙalai da suka ɗore a Arewa bayan 1903 suna da alaƙa da zaman da Waziri da irinsa suka zaɓa. Ranar da suka rabu, babu wanda ya san yadda al'amarin zai ƙare a cikinsu, saboda haka auna su da sakamako kaɗai rashin adalci ne.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne kowane ra'i yana da inda yake makancewa. Mai riƙe da wajibi yana iya manta wanda ba shi da ƙafar bin sa. Mai riƙe da maslaha yana iya manta ranar da larura ta ƙare. Don haka tambayoyin da suka dace a yi wa shugaban da ya ce dole ce ta sa shi su ne: da wa ya yi shawara, wane sharaɗi ya gindaya, yaushe uzurin zai ƙare, kuma a kan wa nauyin ya faɗa? Attahiru ya amsa ta ƙarshe da ransa. Waziri Buhari ya amsa biyun farko da alƙalaminsa. Tambayar ƙarewar uzuri kuwa, tsarin da ya ginu a kan sulhun bai amsa ta ba har mulkin mallaka ya kau a 1960.